Injin kwafi mai launi da ke yawan tsayawa: laifin inji ne ko na masu kula da shi?

Mai Gudanar da Ofis:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana da ke cikin wannan zaure game da babban injin kwafi mai launi da muke amfani da shi a ofis, irin na tsaye mai tire huɗu, wanda ke kwafi, yana buga abin da aka turo daga kwamfuta, yana kuma jera takardu ya ɗinke su. Muna fitar da shafuka kusan dubu arba'in a wata, kuma kimanin rabinsu masu launi ne. A shekarar farko bai ba mu wata wahala ba, amma yanzu da wuya mako ya wuce ba tare da takarda ta maƙale ba, ko launi ya dusashe, ko wani siririn layi ya ratsa shafi daga sama har ƙasa. Wa'adin hayar injin ya kusa cika, shugabannina kuwa sun yanke cewa kamfanin da ya ƙera shi ne ba shi da inganci, don haka suna so a koma wani. Ba zan faɗi sunan namu ba domin kada muhawarar ta koma kare wani ko sukar wani. Tambayata ita ce: tsakanin Canon, Ricoh, Konica Minolta, Xerox, Kyocera, Sharp da Toshiba, wanne ne ya fi jure aiki mai yawa?

Tsohon Bakanike:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Na daɗe ina buɗe cikin waɗannan injuna, kuma a cikin sunayen da kika lissafa babu wanda ban ga ya yi shekaru yana aiki lami lafiya ba, babu kuma wanda ban ga ya zama abin takaici a wani ofis ba. Saboda haka kafin a kai ga suna, akwai abin da ya kamata ki duba. Masu ƙera injin suna ba da adadi iri biyu. Na farko shi ne iyakar shafukan da injin zai iya fitarwa a wata guda ba tare da ya lalace nan take ba, kuma shi ne ake rubutawa da manyan baƙaƙe a takardar talla domin ya fi girma. Na biyu shi ne adadin da suke ba da shawarar a riƙa yi wata bayan wata, kuma sau da yawa ƙaramin kaso ne na wancan, shi ya sa sai an tambaya kafin dillali ya faɗe shi. Wanne daga cikin biyun aka nuna muku lokacin da aka kawo injin? Sannan shafuka dubu arba'in ɗin, a baje suke a tsawon wata, ko a 'yan kwanaki ake tara su?

Mai Gudanar da Ofis:

Na gode, Baba. Adadin da aka nuna mana ya haura dubu ɗari da hamsin a wata, shi ya sa muka ɗauka cewa aikinmu bai kai ko kashi ɗaya bisa uku na ƙarfinsa ba. Game da tambaya ta biyu kuwa, mafi yawan aikin yana taruwa ne a makon ƙarshe na wata, lokacin da ake haɗa rahotanni, kuma a makon ne injin ke tsayawa.

Injiniyan Sabis:

Hajiya, amsar da kika ba Baba ta riga ta buɗe rabin matsalar, amma bari in bayyana dalilin da ya sa injin launi ya fi na baƙi da fari saurin nuna gajiya, domin shugabanninki su fahimci abin da suke biya wa kuɗi. Injin baƙi da fari yana da dirom ɗaya, wato wani bututu mai juyawa: a yi masa caji da lantarki, hasken lesa ya zana hoton shafi a kansa, garin tona, wato busasshiyar tawadar injin, ya manne a inda aka zana, a juye shi kan takarda, sannan fiyuza ta narkar da shi da zafi da matsi. Injin launi yana yin wannan aiki sau huɗu a lokaci guda, domin kowane launi, wato shuɗi, ja mai ɗan shunayya, rawaya da baƙi, yana da nasa dirom, da tasa dibelofa, wato sashen da ke kai garin tona kan dirom, da tasa rezar da ke share ragowar gari. Dukkansu huɗun suna zuba hotonsu a kan bel guda mai juyawa, daga bel ɗin ne kuma hoton ke sauka kan takarda. Idan ɗaya daga cikin launukan ya goce daga wurinsa da abin da bai kai kaurin gashi biyu ba, ido zai gani a gefen rubutu.

Wannan ne ya sa za ki ji injin yana tsayawa a tsakiyar dogon aiki yana ta juyi ba tare da ya fitar da komai ba. Ba lalacewa ya yi ba. Yana zana ƙananan alamomi ne a kan bel, na'urorin gani suna aunawa, yana gyara daidaiton launuka da kaurinsu. Da zarar waɗannan na'urori sun yi ƙura, ko bel ya tsufa, awon ba zai fito daidai ba, sai launi ya fara sauyawa daga shafi zuwa shafi.

Abu mafi muhimmanci shi ne, kowane ɗaya daga cikin waɗannan sassa yana da wa'adinsa da aka ƙidaya da yawan shafuka ko yawan juyi, kuma injin da kansa yana riƙe da lissafin. Dirom, dibelofa, bel, rolar da ke juye hoto, fiyuza, da ƙananan rololin roba masu jawo takarda daga tire, duk kayan da ke cinyewa ne, ba kayan da ake jira su karye ba. Inji mai shekara ɗaya bai kai wa'adin mafi yawansu ba, shi ya sa kowane sabon inji ke da kirki. A shekara ta biyu da ta uku ne ake gane ko ana canja su a kan kari ko kuwa ana ta lallaɓawa.

Malam Akanta:

Zan shigo daga inda Injiniya ya tsaya, domin lallaɓawar da ya ambata tana da tushe a cikin yarjejeniyar da aka sa wa hannu. Tsarin biyan kuɗi bisa kowane shafi ba sabon abu ba ne. Tun lokacin da aka fito da injin kwafi na Xerox 914 a shekarar 1959, haya ake ba da shi tare da mita mai ƙidaya kwafi, kuma har yau kusan dukkan masana'antar a kan wannan turba take. A irin wannan yarjejeniya, ofis yana biyan wani ƙayyadadden kuɗi a kan kowane shafi, dillali kuma ya ɗauki nauyin tona, kayan gyara da aikin bakanike. Abin yana da kyau a takarda, amma a lura da inda ribar dillali take: kuɗin shiga ba ya sauyawa ko ya canja dirom a kan lokaci ko ya jinkirta, don haka duk watan da ya ƙara wa tsohon dirom riba ce a gare shi, matuƙar mai haya bai yi ƙorafi mai ƙarfi ba. Ba ina cewa duk dillalai haka suke yi ba. Masu hangen nesa sun san cewa yawan kiran gaggawa ya fi canjin kaya tsada. Amma yarjejeniyar da ba ta ce komai a kan wannan ba ta bar lamarin ga halin mutum.

Hajiya, idan za ku sa hannu a sabuwa, kada ku gamsu da alƙawarin cewa bakanike zai zo cikin awa huɗu. Zuwa daban, gyara daban. Mutum zai iya zuwa cikin awa biyu, ya duba, ya ce sai an yi odar kayan, ya tafi, kuma a lissafinsu ya cika alƙawari. A rubuta tsawon lokacin da injin zai iya zama a tsaye kafin a kawo na aro, a rubuta cewa za a canja kayan da ke cinyewa idan sun kai wa'adin da kamfanin ƙera ya gindaya, a kuma rubuta cewa idan matsala iri ɗaya ta dawo sau da dama cikin 'yan watanni za a maye gurbin injin gaba ɗaya. Sannan a tambaya ko babbar takarda ta A3 ana lissafa ta shafi ɗaya ne ko biyu, domin a yarjejeniyoyi da yawa biyu ce.

Mai Ɗab'i:

Da girmamawa ga Baba da Injiniya, ni ban yarda a share batun suna gaba ɗaya ba. Akwai bambancin ƙira na gaske tsakanin kamfanoni, kuma wanda ke aiki da injin daga safe har dare yana jin sa a jikinsa. Kyocera, alal misali, ta daɗe da gina sunanta a kan dirom mai rufin silikon mai tauri, wanda ke daɗewa fiye da dirom na yau da kullum. Wasu kamfanonin kuma sun ƙera dirom da fiyuza ta yadda ma'aikacin ofis zai zare tsoho ya zura sabo cikin mintuna, ba sai an jira kowa ba, alhali a wasu injunan sai an kwance sukurori an shiga saitin da bakanike kaɗai ya sani. Hanyar da takarda ke bi ma ta bambanta: wani injin hanyarsa gajera ce kusan a miƙe, wani kuma sai takarda ta yi lanƙwasa mai tsanani kafin ta fito, kuma duk mai buga kati mai kauri ya san wanne zai ba shi ciwon kai. Idan aka ce duk ɗaya ne, an rage wa Hajiya wani abin da ya kamata ta auna.

Tsohon Bakanike:

Malam Mai Ɗab'i, ban ce duk ɗaya ne ba, kuma abin da ka faɗa a kan hanyar takarda gaskiya ne. Abin da nake cewa shi ne bambancin da ke tsakanin samfuri da samfuri a cikin kamfani guda ya fi bambancin da ke tsakanin kamfani da kamfani. Ƙari a kan haka, tambarin da ke gaban inji ba kullum yake nuna wanda ya ƙera cikinsa ba. Ricoh ta yi shekaru da dama tana sayar da injuna iri ɗaya da sunayen Gestetner, Nashuatec, Lanier da Savin, kuma na sha jin mutum yana yabon ɗaya yana kushe ɗayan. Injunan ofis da yawa masu tambarin Xerox kamfanin Fuji Xerox na Japan ne ya ƙera su, wanda ya koma Fujifilm Business Innovation a 2021. A 2024 kuma Ricoh da Toshiba Tec suka haɗa sashen ƙira da sarrafa injunansu a ƙarƙashin kamfani guda mai suna ETRIA. To, wanda ya gudu daga wani suna zuwa wani, ya tabbata ba gida ɗaya ya sake shiga ta wata ƙofa ba.

Yanzu bari in koma kan maƙalewar takarda, domin a nan ne aka fi ɗora wa inji laifin da ba nasa ba. Takarda tana shan danshin iska, tana kuma saki. Rim ɗin da aka yage marfinsa aka bar shi a buɗe kwana da kwanaki ba daidai yake da wanda aka buɗe yanzu ba. Idan takarda mai danshi ta shiga fiyuza, wadda zafinta ke kaiwa tsakanin digiri 150 da 200 a ma'aunin Celsius, ruwan da ke cikinta yana fita farat ɗaya, sai ta fito a nannaɗe, wani lokaci har ka ga ɗan tururi a bakin mafita. Takardar da ta nannaɗe kuwa, idan aka mayar da ita ciki domin a buga bayanta, bakinta ba zai shiga inda aka tanadar masa ba, sai ta cije. Idan kuma iska ta bushe ƙwarai, takardu suna manne wa juna saboda lantarkin da ke taruwa a jikinsu, rola ta jawo biyu ko uku a tare.

Hajiya, ki sa a zaro tiren da aka fi amfani da shi, ki leƙa sama da shi da tocila. Za ki ga ƙananan rololin roba guda biyu ko uku. Sabuwar rola tana da kaushi kamar fatar da ke da zane. Wadda ta ƙare tana sheƙi, ta yi sumul, kuma idan kika goga yatsa za ki ga wani farin gari ya biyo shi. Wannan garin daga takarda yake fitowa, kuma takarda mai arha wadda aka yanka da wuƙar da ta dakushe ta fi zubar da shi. Garin nan ba a kan rola kaɗai yake tsayawa ba. Yana bin hanya har ya rufe na'urorin da ke ganin wucewar takarda, sai injin ya ce takarda ta maƙale alhali an buɗe ko'ina ba a ga komai ba. Rololin nan suna cikin mafi arha a kayan injin, amma su ne suka fi jawo kira.

Akwai kuma saitin nau'in takarda, wanda mutane ke ɗauka ado ne. Idan aka zuba kati mai kauri aka bar saitin a kan takarda mai nauyin giram 80, injin ba zai rage gudu ba, ba zai kuma daidaita zafi da ƙarfin lantarkin juyewa ba. Sakamakon shi ne tona bai narke sosai ba, yana gogewa da yatsa, ragowarsa kuma yana manne wa fiyuza yana ɓata shafukan da ke biye.

Ɗalibin Sana'a:

Ina gaishe da manyana. Ni sabon shiga ne a wannan aiki, kuma ina da tambaya biyu. Ta farko, game da layin da Hajiya ta ce yana ratsa shafi, ta yaya ake gane sashen da ke jawo shi ba tare da an yi ta canja kaya ana gwadawa ba? Ta biyu, shin tonan da ba na kamfanin injin ba yana lalata inji da gaske, ko kuwa tsoratarwa ce kawai domin a sayi nasu?

Injiniyan Sabis:

Ƙanena, tambayarka ta farko ita ce sana'ar gaba ɗaya. Fara da raba injin gida biyu: ɓangaren da ke karanta takarda da ɓangaren da ke bugawa. Buga shafi daga kwamfuta, ko shafin gwaji daga cikin injin. Idan layin bai fito ba, ɓangaren bugawa lafiyarsa ƙalau. Sai ka yi kwafi ta hanyar ɗora takarda a kan babban gilashi, ka sake yi ta hanyar zura ta a mazurarin sama, wato sashen murfin da ke jawo takardu ɗaya bayan ɗaya. Idan layin ya fito a na biyun kaɗai, dubi siririn gilashin da ke gefen babban, domin a kansa ne takarda ke wucewa idan ta biyo mazurari. Ɗigon farin ruwan goge rubutu ko na gam wanda bai kai kan allura ba ya isa ya ja layi a kowane shafi, kuma tsumma mai laushi ne maganinsa. An kira bakanike saboda wannan ɗigo fiye da yadda kake zato.

Idan kuwa layin yana fitowa a bugu, buga cikakken shafi na kowane launi shi kaɗai. Launin da layin ya bayyana a cikinsa ya nuna maka dirom ko dibelofar da za ka duba. Idan ya bayyana a dukkan huɗun a wuri guda, to, laifin na abin da suka yi tarayya a kansa ne, wato bel, rolar juyewa ko fiyuza. Farin layi siriri a launi ɗaya sau da yawa ƙura ce a kan gilashin da hasken lesa ke fitowa, kuma injuna da yawa suna zuwa da ɗan sandan share shi a maƙale a bayan ƙofar gaba. Tabon da ke maimaita kansa kuwa, ɗauki rula ka auna tazarar da ke tsakanin ɗaya da na gaba. Tazarar ita ce kewayen abin da ke da tabon. Dirom mai faɗin milimita 30 zai maimaita tabonsa duk bayan kimanin milimita 94, kuma littafin sabis na kowane samfuri yana da jadawalin waɗannan tazarori.

Game da tona, ba duka tsoratarwa ba ce, ba kuma duka gaskiya ba ce. Tona garin roba ne da aka haɗa domin ya ɗauki wani ƙayyadadden caji ya kuma narke a wani ƙayyadadden zafi. A manyan injuna yana cakuɗuwa da ƙananan ƙwayoyin dibelofa masu maganaɗisu, waɗanda ke zaune a cikin injin na dogon lokaci. Tonan da cajinsa bai dace ba yana tashi ya bazu a cikin inji, yana sa bayan shafi ya yi datti, yana kuma lulluɓe ƙwayoyin dibelofa har su daina aiki, kuma idan hakan ta faru komawa ga tona na asali ba zai gyara ba sai an zubar da dibelofar. Akwai masu haɗa tona na waje da ke yin aiki mai kyau, amma mai saye ba shi da hanyar tantancewa daga kallon kwalba. Shi kuwa ɗan guntun lantarkin da ke jikin kwalba, wanda da shi injin ke gane tonan kamfaninsa, ba shi ne ingancin ba. A farkon 2022, lokacin ƙarancin irin waɗannan guntaye a duniya, Canon da kanta ta fitar da tonan wasu injunanta ba tare da su ba, ta kuma sanar da masu amfani yadda za su wuce gargaɗin da injin ke nunawa.

Gargaɗi ɗaya zan ƙara maka. Lambar kuskuren da ta shafi zafin fiyuza, a injuna da yawa, ba ta gogewa da kashewa da kunnawa, sai an shiga saitin sabis. Da gangan aka yi haka, domin a tilasta wa wani ya duba na'urar auna zafi kafin a sake sakar wa sashen wuta. Kada ka saba da goge ta ka tafi.

Jami'ar Kwamfuta:

Ina so in ƙara wani ɓangare da ba a taɓo ba. A wurin ma'aikaci, duk lokacin da ya danna bugawa takarda ba ta fito ba, injin ne ya lalace. Amma kaso mai yawa na irin wannan ƙorafi yana tasowa ne daga manhajar bugawa da ba ta dace da samfurin ba, ko adireshin injin a kan hanyar sadarwa ya sauya, ko kalmar sirrin akwatin imel ɗin da sikana ke aikawa ta cikinsa ta ƙare. Idan ana so a yi wa injin adalci, a ware waɗannan daga lissafin lalacewarsa.

Sannan manyan kamfanonin suna da tsarin sa ido daga nesa, irin su @Remote na Ricoh da CS Remote Care na Konica Minolta, inda injin ke aika karatun mita, matakin tona da lambobin kuskure kai tsaye ga masu sabis. Idan an kunna shi, bakanike zai iya zuwa da kayan da ake bukata a zuwan farko. Tun da kuma wa'adin haya ya kusa, Hajiya, kada a bari tsohon injin ya fita ba a share ma'ajiyar bayanansa ba. A 2010 tashar CBS ta Amurka ta sayi tsofaffin injunan kwafi ta samu takardun asibiti da na 'yan sanda a cikinsu, kuma tun daga lokacin wannan ya zama abin da ake rubutawa a yarjejeniya.

Malam Akanta:

Akwai wata shawara da nake ganin ta fi sauya kamfani amfani ga ofis irin na Hajiya, wanda aikinsa ke taruwa a mako guda: injuna biyu matsakaita maimakon babba ɗaya. Babu injin da ba ya tsayawa, ko don gyara ko don sabis na ƙa'ida. Mai inji ɗaya idan ya tsaya aikinsa ya tsaya cak, mai biyu kuwa ya rage gudu ne kawai. Idan samfurinsu ɗaya ne, tona da kwalbar tara sharar gari za su yi wa kowanne, kuma bakanike zai iya ɗauko sashe daga mai lafiya ya gwada a mara lafiya ya tabbatar da zarginsa nan take.

Mai Ɗab'i:

Malam Akanta, na yarda da hikimar, amma a yi hattara da kalmar matsakaita. Injuna biyu da kowanne aka ƙera domin shafuka dubu goma a wata ba za su ɗauki dubu arba'in ba, kuma a aikace mutane suna tururuwa ne zuwa wanda ya fi kusa da teburinsu, ɗayan yana zaune. Sai an raba aikin da gangan. Ƙananan injuna kuma kwalaben tonansu ƙanana ne, kuma adadin shafukan da ake rubutawa a jikin kwalba galibi an lissafa shi ne bisa shafin da kowane launi ya rufe kashi 5 cikin 100 kacal. Rahoto mai hotuna da jadawalai masu cikakken launi yana ninka wannan sau da yawa, yana kuma cika kwalbar shara da wuri. Idan mafi yawan aikin rahotannin cikin gida ne da ba sa bukatar sheƙi, yana da kyau a duba manyan injunan tawada na ofis irin na Epson da RISO, waɗanda ba su da dirom ko fiyuza, don haka kayan da ke cinyewa a cikinsu sun ragu kuma ba sa jan wuta sosai. Suna da nasu sharuɗɗan: ba kowace takarda mai santsi suke karɓa ba, launinsu a takarda ta yau da kullum bai kai na tona kauri ba, kuma ba sa son dogon zama babu aiki.

Mai Gudanar da Ofis:

Allah Ya saka wa kowa da alheri. Na leƙa rololin kamar yadda Baba ya ce, kuma na tiren farko sun yi sumul suna sheƙi, da farin gari a gefensu. Na kuma nemi masu sabis su ba ni tarihin ziyarce-ziyarcensu, sun turo mini. Abin da na lura shi ne kusan kowane layi yana cewa an share, an daidaita, an gwada, inji yana aiki, kuma sunan bakaniken yana sauyawa kusan kowane zuwa. Ban ga inda aka rubuta an canja bel ko fiyuza ba. Baba, wannan ya isa hujja in tunkare su da shi, ko akwai abin da zan ƙara nema?

Tsohon Bakanike:

Bai isa ba tukuna, Hajiya, domin mai yiwuwa ne bel da fiyuzar ba su kai wa'adinsu ba, kuma idan kika yi zargi ba tare da adadi a hannu ba za a rufe miki baki da bayanin da ba za ki iya tantancewa ba. Ki nemi bakaniken da zai zo nan gaba ya buga miki, a gabanki, rahoton ƙidayar sassa daga cikin injin. Shafi ɗaya ne ko biyu, kuma yana nuna kowane sashe da yawan aikin da ya yi idan aka kwatanta da wa'adinsa. Ya kuma buga tarihin maƙalewar takarda da na lambobin kuskure. Tarihin maƙalewa yana faɗin wurin da kowacce ta faru. Idan mafi yawansu a bakin tire ɗaya suke, rololi ne da takarda, kuma gyaran na mintuna ne. Idan a hanyar juya shafi suke, a duba danshi da fiyuza. Idan sun warwatsu ko'ina ba tsari, a duba ƙura a na'urorin gani, a kuma duba wutar da ke shiga injin, domin inji irin wannan yana iya jan kilowat ɗaya da rabi zuwa biyu lokacin da fiyuza ke ɗaukar zafi, kuma ba ya son raba soket da na'urar sanyaya ɗaki ko tukunyar lantarki.

Sauyawar bakanike a kowane zuwa ita ce ta fi damuna a cikin abin da kika faɗa. Wanda ya zo yau bai san abin da na jiya ya zarga ba, don haka kowa yana farawa daga shara da daidaitawa, ya rufe kira, ya bar ainihin ciwon ga na gaba. Duk kamfanin da za ku ɗauka, wannan ko wani, ki tambaye su bakanike nawa suke da shi da aka horar a kan wannan samfurin takamaimai, ko za su ware muku mutum ɗaya da mataimakinsa, da kuma waɗanne kayan gyara suke ajiyewa a ma'ajiyarsu ba sai an yi oda ba. Idan suka kawo tayin inji da aka sabunta a farashi mai sauƙi, ki nemi karatun mitarsa na asali da shekarar da aka daina ƙera samfurin, domin kamfanoni suna daina samar da kayan gyara bayan wasu shekaru da tsayar da ƙira, kuma yarjejeniyar shekara biyar a kan samfurin da ya riga ya tsufa tana iya wuce rayuwar kayansa.

Ki kuma sa a yi cikakken sabis a mako na uku na wata, kafin aikin rahotanni ya taso, a rubuta hakan a cikin yarjejeniyar da kwanan wata. Idan kin sami rahoton ƙidayar, ki kawo mana adadin bel, fiyuza da dirom huɗun a nan, ni da Injiniya za mu duba miki su.